Fedar da Bahago Ya Zaɓa

Shekara ashirin da shida Bahago ya yi yana kaɗa jitar lantarki a ƙungiya ɗaya, kuma a wuri ɗaya yake tsayawa, dab da faya-fayan tagullar mai ganga. Shi ya tara ƙungiyar tun ba ta da suna, amma daga baya shugabanci ya koma hannun mai fiyano, domin shi ya iya magana da masu buga faifai. Bahago bai damu ba. Tsirkiya shida ya sani, sai yatsunsa.

Ranar Litinin, da aka tashi daga gwaji, Shugaba ya tare shi a bakin ƙofa yana wasa da makullin mota.

"Babban yaya, sautin nan naka fa yana son a duba shi."

"Me ya yi?"

"Ba wani abu ba ne. Ya ɗan yi kaifi. Ina jin fedar ce ta tsufa. Ka nemi sabuwa kafin Alhamis, ka san ranar za mu shiga ɗauka. Masu faifan sun ce in jitar ba ta zauna ba, suna da nasu mutumin."

Bahago ya karkato kai. "Suna da me?"

"Nasu makaɗin."

Ƙarya Shugaba ya yi, kuma ya san ƙarya ce. Fedar ba ta da laifin komai. Kunnen Bahago ne ke mutuwa, kuma daga sama ya fara: siraran sautuka suka riƙa ɓace masa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda shi kansa bai farga ba. A ganinsa tsirkiyoyin zamani ne suka lalace, mutane kuma suka koyi magana ƙasa-ƙasa. Duk mako sai ya ƙara wa jitarsa kaifi don ya ji ta, har ta koma tana yankan kunnen kowa. Wata takwas 'yan ƙungiyar suna wannan zance a bayan idonsa. A gabansa babu wanda ya buɗe baki. Su suna kiran abin girmamawa. Ba girmamawa ba ce, tsoron minti biyar na rashin jin daɗi ne, shi ya sa suka ɗora laifin a kan akwatin ƙarfen da ba shi da bakin kare kansa.

Feda ɗan akwati ne da bai wuce tafin hannu ba. A ƙasa ake ajiye ta tsakanin jita da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, in makaɗi ya taka sai muryar jitar ta canza. Irin wadda Bahago ke amfani da ita tana dagula sauti ne ta sa jita gurnani. Masu kanti na ce mata distoshan, makaɗa kuwa mai gurnani kawai suke cewa.

Washegari da tsakar rana Bahago ya nufi shagon wansa. Yaya mai gyaran rediyo da amfilifaya ne, shagonsa na ƙarƙashin wani bene a kan titi mai yawan motoci, tsakanin tela da mai walda. A wannan shago kowa da ihu yake magana, mai ji da marar ji duk ɗaya, saboda haka Yaya bai taɓa lura da komai ba.

"Kai ne da rana tsaka? Ko korarka aka yi daga gida?"

"Rufe shagon nan, Yaya, feda za mu saya."

"Wannan ta da fa? Ni na gyara ta, ko jikokinka ba za su kashe ta ba."

"An ce ta tsufa."

"Wa ya ce? Mai fiyanon nan da ke kaɗa da yatsa biyu kamar kaza na tsince hatsi?"

Duk da haka ya cire ƙarfen dalmarsa daga wuta, ya ja ƙofa.

Suna da wata ƙa'ida tsakaninsu tun jitar Bahago ta farko. Ko waya ba ya saye sai Yaya ya saurara. Bahago zai kaɗa, Yaya ya ja da baya taku biyar ya juya masa ƙeya, sannan ya ce ɗaya cikin biyu: ya yi, ko bai yi ba. Ba ya ƙara kalma, ba ya kawo dalili. Hujjarsu ita ce mai kaɗawa abin da yake so yake ji, na nesa shi ke jin abin da jama'a za su ji. Yaya ya taɓa hana shi jitar da ya yi wata uku yana mafarkinta, suka yi sati ba sa gaisawa, daga baya wuyan jitar ya lanƙwashe a hannun wanda ya saye ta. Tun daga ranar Bahago bai ƙara musu da shi ba.

Kantin kayan kiɗan yana hawa na biyu. Jitoci a rataye a bango, wata mata a bayan kanta tana rubuce-rubuce, sai mai kantin, wani mai sulɓin baki da bai daina tauna cingam ba har suka fita. Ya kai su ɗan ɗakin gwaji da aka liƙe bangonsa da soso, ya jera feda uku a ƙasa: ruwan ɗorawa, baƙa, da ja. Kowacce da maɓalli uku na murɗawa, na ƙarfi, na gurnani, da na kaifi.

"Maigida, wannan ruwan ɗorawar mai ladabi ce, tana gurnani amma ba ta cizo. Baƙar nan ta masu gashi har kafaɗa ce, masu girgiza kai. Jar kuwa na ajiye ta ne kawai don ka gani. Sababbin shiga ke sayenta, bayan sati biyu maƙwabta su rako su su dawo da ita."

Bahago ya rataya jitarsa ta bahagwai, ya jona waya, ya taka ruwan ɗorawar. Yaya ya ja da baya har ya jingina da ƙofa, ya juya.

Sauti ne mai kyau ya fito, cikakke, mai ɗumi, gurnaninsa a ƙasa kamar babbar mota na hawa tudu. Yatsun Bahago suka bi ta kan tsirkiya yadda suka saba, babu inda suka yi tuntuɓe. Yaya har ya buɗe baki zai yanke hukunci, sai ya ji kiɗan ya tsaya.

"Wannan ai an lulluɓe ta da bargo," in ji Bahago. Ya sunkuya ya murɗa maɓallin kaifi har ƙarshe, ya sake kaɗawa, ya girgiza kai. "Ba ta da rai. Kawo baƙar."

Baƙar ma haka. Ya murɗe kaifinta har maɓallin ya ƙi gaba, ya ce muryarta kamar daga cikin rijiya. Mai kanti ya dubi Yaya, Yaya ya dubi bango.

"To jar nan fa?"

"Maigida, jar nan..."

"Jona ta."

Da ya taka jar, ya kai kaifinta ƙarshe, abin da ya fito daga lasifika bai yi kama da kiɗa ba. Kamar mai walda ya ɗora injin yanka a kan kwanon rufi. Haƙoran Yaya suka yi tsami. Bahago kuwa ya lumshe ido, ya miƙe wuya, ya shiga wata tsohuwar waƙarsu ta farkon tashi, ya kaɗa ta tun daga kai har wutsiya.

Da ya gama ya saki tsirkiyar ya juya wajen amfilifaya, jitar na rataye a ƙirjinsa. Duk wanda ya yi aiki da lasifika ya san abin da ke biyo baya in jita ta fuskanci amfilifayarta da wuta a buɗe. Wata siririyar ƙara ta tashi, tsiii, ta yi ta hawa kamar ana tura ƙusa cikin kunne. Mai kanti ya toshe kunnuwansa da tafin hannu. Matar da ke kanta ta ƙwalla daga waje, "Don Allah ku kashe abin nan!"

Bahago yana tsaye a tsakiyar ƙarar, fuskarsa a sake, yana tambayar ko fedar na cin batir da yawa.

Yaya ya yi taku biyu, ya miƙa hannu ya rage amfilifayar. A wannan taku biyu da ya yi, ya gane komai: karkatar kai, yawan cewa me ka ce, wayar da ake bugawa ba a ɗauka.

"Me ka taɓa?"

"Waya ce ta ɗan saki."

"Yaya, ka ji ta kuwa?" Idon Bahago ya cika da ruwa, bai ma ɓoye ba. "Ita ce wallahi. Muryar da na yi shekara biyar ina nema. Na zaci ta tafi ke nan. Ashe tana nan a wannan ɗan akwatin." Ya goge fuska da bayan hannu, ya yi dariya. "To, alƙali. Faɗi."

Yaya ya dubi ƙaninsa. Mutum mai furfura a gemu, amma fuskarsa a ranar irin wadda ya zo da ita ce sa'ad da ya fara riƙe jita. Kalma uku ce ta kamace shi, kuma ya san su.

"Ya yi," in ji Yaya.

Mai kanti ya sauke hannuwansa. "Kunnen gwani daban ne, maigida. Mu namu na ado ne." Ya ɗauki fedar ya tafi neman kwalinta. Shi ba a ga laifinsa sosai ba, sayarwa ya fito yi. Wanda aka ɗauko daga shagonsa musamman don ya faɗi gaskiya shi ne ya ƙi faɗa.

A kan matakala Yaya ya karɓi kwalin. "Bar mini ita zuwa gobe in duba cikinta. 'Yan kamfanin nan ba su iya liƙa waya ba."

Ranar Laraba tun da safe ya zauna a teburinsa ya kwance sukurori huɗu. Ya bi hanyoyin da ke kan allon fedar da bakin allura har ya gano inda kaifin ke bi ya fita. Ya tona gwangwanin da yake tara ƙananan kaya, ya zaro kafasita, wani ɗan abu da bai kai ƙwayar wake ba, wanda aikinsa shi ne ya shanye siraran sautuka kafin su isa lasifika. Ya gwada ɗaya, ya yi yawa. Ya gwada na biyu, bai isa ba. Na uku ya zauna daidai. Ya sauko da tsohuwar jitar gwaji daga bango, ya murɗe kaifin har ƙarshe yadda ya san Bahago zai yi, ya kaɗa. Jar fedar ta yi laushi, ta cika, har ta fi ruwan ɗorawar daɗi. Tela ya leƙo ya ce, "Yau kuma biki ake a shagon?"

Yaya ya ji daɗin aikinsa. Nan ne kuskurensa yake. Shekara talatin da wani abu duk abin da aka kawo masa da matsala buɗe shi yake ya gyara, har ya manta akwai matsalar da ba ta cikin akwati. Ya lissafa abin da 'yan ƙungiya za su ji, ya lissafa abin da masu faifai za su ji. Bai tsaya ya tambayi kansa abin da mai fedar zai ji ba.

Da la'asar matar Bahago ta zo karɓa. Ta tsaya a bakin shagon riƙe da jakar cefane, ta ƙi zama.

"Yaya, ka lura?"

Ya ci gaba da ɗaure sukurori. "Na lura."

"Ƙararrawar ƙofa ya daina ji. Butar shayi ta yi ta kuka a kan wuta yana zaune kusa da ita. Na yi masa maganar asibiti sau biyu, ya ce bakina ne ba na buɗewa. Kai kaɗai yake jin maganarka. Ka faɗa masa?"

"Bari a wuce Alhamis."

"In an wuce Alhamis kuma a ce bari a wuce wata."

"Ke dai kai masa. Na yi mata abin da zai fisshe shi gobe. In aikin ya zauna, hankalinsa ya kwanta, ni da kaina zan kai shi wajen likita."

Ta dube shi na ɗan lokaci. "Ni ban san kan waya ba, Yaya. Amma na san mijina." Ta sa kwalin a jaka ta tafi.

Amfilifayar Bahago a wurin gwaji take kwana, saboda haka bai taka fedar ba sai ranar Alhamis da safe, a ɗakin ɗauka. Ɗaki ne marar taga, da kafet mai kauri, da gilashi babba wanda injiniya ke zaune a bayansa tare da mutum biyu daga kamfanin faifan. Mawaƙiyar ƙungiyar tana tsaye gaban makirufo, ta saƙala na'urar saurare a kunnuwanta, wadda ta cikinta take jin duk kayan kiɗan. Mai ganga, wanda suke kira Guduma, ya hango jan akwatin ya yi fito.

"A'a! Tsoho ya yi sabuwar amarya. Ja ce ma. Allah ya sa ba mai faɗa ba ce."

"Za ka ji ta yanzu," in ji Bahago. Ya murɗa maɓallan yadda ya yi a kanti. "Yaya da kansa ya ce ta yi."

Injiniya ya ɗaga hannu, Guduma ya buga sanda sau huɗu, aka shiga. Da aka zo wurin jita Bahago ya taka.

Shugaba ya ɗago kai daga fiyano. Mawaƙiya ta waiwayo da murmushi. A bayan gilashi ɗaya daga cikin mutanen kamfanin ya ajiye wayarsa ya gyara zama. Rabon da a ji jitar Bahago haka an yi shekaru, kuma yatsun nan ba a taɓa samun kamarsu a ƙungiyar ba.

A tsakiyar baiti na biyu ya tsaya.

"Wa ya taɓa mini kaya?"

Kiɗan ya watse. Muryar injiniya ta fito ta lasifikar bango. "Lafiya? Ai abin yana tafiya daidai."

"Daidai ina? Ka rufe mini murya daga can. Buɗe ta."

"Ban taɓa komai ba, maigida. Yadda ta fito haka na ɗauka."

"Babban yaya," in ji Shugaba, "wallahi yau sautinka ya fi na kullum. Ka bar shi haka. Mu koma daga farko."

Bahago ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Shi abin da ya ji shi ne jita a ƙarƙashin bargo uku, matacciya, ga mutane shida suna washe baki suna ce masa ta yi daɗi. Ya tuna maganar ranar Litinin. Sai abin ya haɗu masa a kai: so suke ya kaɗa mushe, a ɗauka, a kunna wa masu faifai, a ce kun ji, tsoho ya ƙare.

"Ni za ku yi wa wannan? Ni na koya wa rabinku riƙe kayan kiɗa."

"Tsoho, zauna mana," in ji Guduma. "Rantsuwa kake so? Na rantse ta yi."

Bai saurare shi ba. Ya sunkuya kan fedar, ya tarar maɓallin kaifi ba shi da sauran wurin zuwa. Ya taka zuwa amfilifaya, ya juya musu baya, ya murɗe kaifinta har ƙarshe, ya murɗe ƙarfi har ƙarshe, ya matsa da jitar jikin lasifika don ya ji da kyau, ya daki tsirkiya.

Ƙarar da ta tashi ta shiga makirufo, ta wuce kai tsaye cikin na'urar da ke kunnen Mawaƙiya. Ta ƙwalla ihu, ta fizge na'urar ta yar, ta durƙusa riƙe da kanta. Injiniya ya yi tsalle kan maɓallansa. Shugaba yana kiran Bahago, Guduma yana kiransa, shi kuwa ya ba su baya yana ta kaɗawa, yana gyaɗa kai, domin a karon farko a ranar ya fara jin wani abu. Sai da Guduma ya tsallake gangunansa ya zare wayar daga bango.

Bahago ya juyo a fusace, sai ya ga Mawaƙiya a ƙasa, hawaye na zuba, tana buga gefen kanta da tafin hannu.

"Me ya same ta?"

Shugaba, wanda ya yi wata takwas yana lallaɓa kalma ɗaya, ya rasa inda zai ajiye ta sai nan. "Kai kurma ne," ya ce.

"Me ka ce?"

Babu wanda ya motsa. Dole Shugaba ya maimaita, da ƙarfi, a gaban injiniya da baƙi biyu da Mawaƙiyar da Bahago ya ɗauko tun tana rera waƙa a bayan wasu.

"Na ce kunnenka ya mutu! Ba ka ji! Kowa ya sani, wata da watanni, kai kaɗai ne ba ka sani ba!"

Aka fita da Mawaƙiya zuwa asibiti. Kafin ta shiga mota ta ce ba za ta ƙara sa na'ura a kunne ba muddin yana cikin ɗaki, kuma babu mai ganin laifinta, da kunnen take ci. Mutumin kamfanin ya koma gefe yana buga waya. Ba a ce wa Bahago ya tafi ba. An dai bar shi yana naɗe wayoyinsa shi kaɗai.

Guduma ya biyo shi har farfajiya, ya tsaya a gabansa yadda zai ga bakinsa.

"Tsoho, wallahi sautin farkon nan ya yi. Ba yaudararka muka yi ba. Da ka san halin da kake ciki, ai da sai mu saita maka maɓallan mu liƙe su da tef, kai dai ka bi sandata da ido ka saki yatsu. Da ka ƙara shekara goma."

"Da wa zai gaya mini? Kai?"

Guduma ya sunkuyar da kai.

A tashar bas Bahago ya zauna a benci ya fito da fedar. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: a kanti ta yi magana, yau ta ƙi. Ya kwance sukurorin da ɗan abin da yake ɗaure jita da shi. A gefen allon ya ga wani ɗan abu da aka ƙara, an liƙa shi da ɗigon dalma biyu masu sheƙi, kowanne a dunƙule kamar hawaye. Ya girma yana kallon wannan hannu yana aiki. Ko cikin dubu zai gane shi.

Rana ta karkata lokacin da ya isa shagon. Yaya na ganin fuskarsa ya kashe rediyon da ke gabansa. Bahago ya ajiye fedar a buɗe a kan tebur.

"Tun yaushe ka sani?"

"Zauna tukuna."

"Ɗaga murya, kuma ka dube ni. An ce haka ake yi wa irinmu."

Yaya ya dube shi. "Tun kanti."

"Tun kanti. Kuma ka ce ya yi."

"Na ga farin cikinka ne. Na ce bari in gyara ta yadda za ka wuce yau, daga baya in..."

"Ka gyara ta." Bahago ya yi wata dariya marar daɗi. "Ka gyara wa mai fiyano, ka gyara wa masu faifai. Ni da zan taka ta fa? Ka aika ni cikin mutane da abin da ba zan ji ba, ba ka ce mini uffan ba. Na tsaya ina zagin waɗanda suke gaya mini gaskiya. Na kusa kashe wa yarinyar nan kunne, Yaya. Tana asibiti yanzu."

Yaya ya dafa tebur.

"Su tsorona suke ji, na yarda. Matata ta faɗa, na ƙi ji, wannan laifina ne. Amma kai aikinka ke nan guda ɗaya a rayuwata. Ba na zuwa da kai don ka so ni. A ɗakin gwajin kantin can mu uku ne, da ka ce bai yi ba, in yi fushi, in yi sati ba na gaishe ka, kamar yadda muka saba. Yau mutum shida suka ji, har da baƙi."

"Zan je in sami Shugaba. Zan ce masa ni ne na..."

"Sun riga sun kira nasu. Yana hanya tun ban gama naɗe waya ba." Ya tura fedar gaba da yatsa. "Cire abin da ka sa."

"In na cire, ba mai iya zama kusa da ita."

"Ba mai zama. Ni kaɗai zan ji ta, a ɗaki, in rufe ƙofa. Ita ce kaɗai ta rage da nake ji. Cire."

"Za ta ƙarasa maka abin da ya saura."

"Yanzu ka iya faɗar gaskiya?"

Yaya ya jona ƙarfen dalma, suka tsaya su biyu suna jiran ya yi zafi. Mai walda na ta yanka ƙarfe a maƙwabta, keken tela na ta sukuwa. Da ƙarfen ya yi zafi Yaya ya taɓa ɗigo na farko, ya taɓa na biyu, ɗan abin ya faɗo kan tebur. Aikin da ya ci masa rabin yini bai kai minti ɗaya ba wajen warwarewa. Ya mayar da murfin, ya ɗaure sukurori huɗu.

Bahago ya sa fedar a aljihun jakar jita, ya saɓa jakar a kafaɗa.

"Akwai likitan kunne a babban asibiti," in ji Yaya. "Gobe da safe sai in zo mu tafi tare."

"Ina da mata."

Ya fita. Yaya ya biyo shi har bakin titi da ƙarfen dalma a hannu, wayar na jan ƙasa. Ya kira shi da sunan da mahaifiyarsu ke kiransa, wanda rabon da a faɗe shi tun rasuwarta. Ya sake kira da ƙarfi, har tela ya tsayar da kekensa ya leƙo. Tsakaninsu bai fi taku goma ba. Bahago bai waiwayo ba, bai kuma sauya tafiya ba, ya bi ta tsakanin motoci ya tsallaka. Yaya ya tsaya a wurin yana kallon jakar jitar har ta shige cikin jama'a, bai san ko ƙanin nasa bai ji ba ne, ko ya ji.